Tarihin Alhaji Alhasan Ɗantata Da Waɗanda Suka Riƙe Hannunsa

 Ga tarihin wani bawan Allah wanda sunansa ya game ƙasar Hausa har ya ƙetare ta, watau Alhaji Alhasan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa. Mutane sun saba in an ambace shi sai su shiga lissafin raƙuma da dalar gyaɗa. Mu kuwa nufinmu a nan mu ƙidaya mutanen da ya zauna ƙarƙashinsu, da irin zaman da ya yi da su. Malamai sun sani ba a sakankancewa da karatun wanda ba ya iya faɗin daga wa ya ɗauka. To, fatauci ma yana da tasa silsila, kuma wanda ya bi ta Ɗantata zai ga abin mamaki a farkonta.

Fasali na 1: Asalinsa da haihuwarsa

Alhasan Ba'agale ne. Agalawa kuwa mutane ne da asalinsu ya fito daga wajen Abzin, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano har suka zama Hausawa, suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da gidansu daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Ubansa shi ne Madugu Abdullahi. Uwarsa ana kiranta Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. An haife shi a Bebeji cikin shekarar 1877, daidai da 1294 ta Hijira, a sa'ad da ayarin ubansa ya yi zango a nan kan hanyarsa ta zuwa Gwanja. Da Madugu Abdullahi ya komo, sai ya bar Madobi ya mai da Bebeji mazauninsa.

Wannan yanki na kudu da birnin Kano, watau Bebeji da Madobi da Kura da ƙauyukan da ke kewaye da su, tun dā ƙasar sana'a ce. Marinan Kura sun yi suna wajen turkuɗi da baƙin rawani mai sheƙi, waɗanda Buzaye ke saye su kai har cikin Sahara. Bebeji kuwa gari ne mai ganuwa a bakin hanyar fatake. Yaron da ya tashi a nan, tun bai yi wayo ba kunnensa ya saba da kukan jakuna da labarin zanguna masu nisa.

Ku sani a wancan zamani babu makarantar da ake koyon fatauci sai bin na gaba. Ayari yana da madugu, shi ne mai faɗa a ji, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya nemi masauki da ruwa, akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Yaro yakan fara da korar jaki da ɗaurin kaya, yana kallo yana saurare, shekara da shekaru, kafin a yarda ya riƙe ko jaki ɗaya na kansa. Ɗan madugu shi ne mai sa'a, gama malaminsa yana cikin gidansu. Amma Alhasan Allah bai nufe shi da wannan sa'a ba.

Fasali na 2: Tata

Wajen shekarar 1885 Madugu Abdullahi ya rasu, Alhasan yana da kamar shekara 8. Aka raba gado bisa shari'a, amma 'ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya gaji ayari, kuma rabon Alhasan bai daɗe ba ya salwanta. Uwar kuwa ta tashi ta koma Ankara ta Gwalkwas, wadda a yau ita ce babban birnin ƙasar Gana, inda take da harkar ciniki. Ta bar yaran a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata.

Aka sa Alhasan makarantar allo. Ya yi zama irin na almajirai, wanda ba sai an bayyana wa masu karatun wannan shafi ba: yi wa malam aiki, neman abin kai wa baki, da ƙananan ayyuka na samun 'yan kuɗi. Ɗan madugu ke nan, wanda jiya ubansa ke jan ayari.

A nan ne aikin Tata ya bayyana. Ita ba ta da dukiyar da za ta ba shi, ba ta kuwa da sarauta. Abin da take da shi shi ne sanin darajar abu kaɗan, irin sanin da ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe cikin rashi. Ta hore shi da tattali, ta sa shi ya riƙa jefa wani abu cikin asusu daga kowane ɗan abin da ya samu, ba ya cinye na yau duka a yau. Da abin da ya tara a asusun nan ya fara sayen 'yan kayayyaki yana sayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan hali na tsimi da lissafi ya bi shi har ƙarshen ransa.

Ku duba fa wannan al'amari. Mutumin da ubansa madugu ne, kakansa attajiri, uwarsa attajira, sai ga shi duniya ba ta san shi da sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Sunan tsohuwar da ta rene shi aka liƙa masa, aka ce ɗan Tata. Ya yi arziki har ya fi kowa a Kano, bai kuwa kankare sunan nan ba. Yau 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne da shi suke amsawa, an rubuta shi a jikin kamfanoni da motoci. Farkon silsilarsa ke nan: baiwa, tsohuwa, wadda da ba dominsa ba da babu mai tuna ta.

Fasali na 3: Tafiya wurin uwa

Da ya kai kamar shekara 15, sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga uwarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, sauran ya kai su Ankara.

Tafiyar nan ba wasa ba ce. Fatake kan yi watanni a hanya, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu inda ake tsoron 'yan fashi, su bi ta ƙasar Dagwamba har su kai Salaga, wadda a dā ita ce babbar kasuwar goro. Daga nan Arewa sukan ɗauki kanwa da tufafin rini da jemammun fatu, su komo da goro. Goro kuwa kaya ne mai son reno kamar jariri. Sai an naɗe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Wanda bai ga an yi ba, ba zai iya ba. A kowane babban gari kuma baƙo yana bukatar fatoma, mai gidan da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Saboda haka jarin falke na farko shi ne sanayya. Yaron da ya yi wannan tafiya yana lura, ya karanta littafin da ba a rubuta ba.

Masu ba da tarihinsa sun ce ya isa Ankara da zaton hutu ya samu, tun da uwarsa tana cikin masu hali a garin. Ashe ba haka take nufi ba. Kwana ɗaya ta bar shi ya huta, kashegari ta kai shi wurin wani malami, ta ce ya zauna can har ranar da zai koma gida. Ya ci gaba da karatu da hidima da neman na kansa, har wahalar Ankara ta fi ta Bebeji.

Mai gajeren tunani sai ya ce uwar nan ba ta da tausayi. Amma ita ta ga yadda gado ya narke a hannun marayu, ta kuwa san abin da zaman banza cikin daula ke yi wa saurayi. Ta hana shi abin da yake so, ta ba shi abin da yake bukata. Shi kuma bai yi fushi ya gudu ba, ya zauna inda aka ajiye shi. Malamai sun san irin wannan horo, gama sau da yawa almajiri yakan zo neman babban littafi, a ce ya koma ya gyara Ahalari tukuna. Mai haƙuri da wannan shi ke kaiwa ga babban littafin.

Fasali na 4: Basasa da sabuwar hanya

Bai daɗe da komowa Bebeji ba sai fitina ta tashi. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, aka shiga Yaƙin Basasa wanda bai ƙare ba sai 1895, bayan Alu Babba ya ci birni. Agalawa da yawa suna wajen Tukur, saboda haka da aka rinjaye shi abin ya faɗa kansu. Aka washe dukiyoyi, aka kama mutane. Alhasan yana cikin waɗanda aka kama tare da 'yan'uwansa, sai daga baya ya samu ya fanshi kansa. Wanda baiwa ta rena, ga shi ya ɗanɗani bauta da kansa.

Karo na biyu ke nan da ya koma ba shi da kome. Amma abin da Tata ta zuba masa, da abin da ya gani a ayari, da mutanen da ya sani a bakin teku, babu mayaƙin da ya iya washe su. Da su ya sake tashi.

A lokacin nan kuwa tsohuwar hanyar Gwanja tana mutuwa. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara raguwa, yaƙin gida na 1892 kuma ya watsa fataken da ke cikinta. A 1903 Turawa suka ci Kano, a Bebeji ma suka fara harba igwa kafin su isa birni. Alhasan ya lura da jiragen ruwa masu zirga-zirga a bakin teku. Sai ya riƙa sayen goro a Gwalkwas, ya sa shi a jirgi daga Ankara ko Sakandi zuwa Ikko, daga nan a yi Arewa da shi. Tafiya ta ragu, goro kuma ya iso da sauran ɗanyensa. Yana cikin na farkon Hausawa da suka yi haka. Wajen 1906 ya ƙara da cinikin duwatsun wuya da yadudduka na Turai. Zaman bakin teku ya sa ya san halin kamfanonin Turawa, da yadda suke lissafi, har ya tsinci abin da zai yi ciniki da shi na harshensu.

A nan akwai abin lura. Ya ɗauki ilmin madugai, amma bai ce lalle sai ya bi sawun jakunansu ba. Girmama na gaba shi ne ka riƙe amanarsa da hikimarsa, sa'an nan ka duba zamaninka.

Fasali na 5: Gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za ta cika shi, sai manoman Kano suka auna suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi, a ci ta a gida. Daga 1912 kamfanoni suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Amma Bature yana da kuɗi, bai san ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi a kwana lafiya ba. Dole shi ma ya nemi wanda zai riƙe hannunsa. Ta hannun Sarkin Kano Abbas da Adamu Jakada aka haɗa su da manyan attajiran birni, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, waɗanda suke da yara a kowace kasuwa tun zamanin goro.

Alhasan ya komo Kano ya tarad da waɗannan manya a gabansa. Ya kafa gida a birni, ya shiga harkar da abin da ya tara. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya zama mai saya masa gyaɗa. Ku lura, neman sa aka yi. Tsarin aikin kuwa duk a kan amana yake. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su watsu ƙauyuka da sikeli da buhuna, a ɗoro kaya bisa jakuna da raƙuma zuwa bakin tasha. In mutum ɗaya ya ci amana a tsakiya, igiyar duka ta tsinke. Wanda ya cika alkawarin bana, baɗi a ƙara masa. Ta haka Alhasan ya yi ta hawa, har zuwa 1922 ya zama babu attajirin da ya kai shi a Kano. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ya tafi Makka ta jirgin ruwa. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a bankin BBWA na Kano, labarin da har yau ake bayarwa. Masu ba da shi sukan manta da ɗan asusun Bebeji, alhali kuwa shi ne uban wannan ajiya.

Fasali na 6: Shi kuma ya zama uban gida

Wanda aka riƙe hannunsa, bashi ne a kansa ya riƙe na wani. Alhaji Alhasan ya tara yara masu yawa, na goro da na gyaɗa da na sauran kaya, yana ba su jari gwargwadon abin da ya gani na gaskiyarsu. Da yawa daga cikinsu suka zama masu gidan kansu. Ya biya wa mutane kuɗin aikin hajji. 'Ya'yansa kuma bai bar su su kwanta bisa dukiya ba, ya sa su karatu ya sa su aiki, kamar yadda uwarsa ta yi masa.

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi, sai ya kira babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli, da sauran shugabannin ayyukansa. Ya yi musu wasiyya su zauna tare da 'ya'yansa, kada su bari gidan ya watse, su riƙe zumunci, su kuma kula da matalauta. Ya rasu ran Laraba 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, aka rufe shi a gidansa na unguwar Sarari. Ya bar 'ya'ya da suka ci gaba da harka, cikinsu akwai Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka rufe shi a Madina. Silsilar ba ta tsaya nan ba. Alhaji Sanusi shi ya reni jikansa Aliko Ɗangote bayan rasuwar ubansa, maraya ya sake tashi a hannun mai horo.

Faɗakarwa

Ƙasar da aka haifi Alhasan ta sake kama. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 a ƙasar Bebeji, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Kura ta zama garin cinikin shinkafa, Kwanar Gafan kuma kasuwar tumatir da ake lodi zuwa Kudu. A 2016 gidan Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa. Samari da yawa a wannan yanki suna neman wanda zai ɗora su a hanya, kuma neman nan daidai ne, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai a san yadda ake nema.

Na farko, kada idonka ya tsallake na kusa. Wani yana can yana sintiri ƙofar attajirin birni wanda bai san da shi ba, alhali a unguwarsu akwai tsohon manomi da ya san ranar da ake dasa tumatir a kauce wa asara, da tsohuwa mai turara shinkafa wadda ta san mai kyau da taɓawa kawai. Tata ba ta fi waɗannan ba.

Na biyu, ka je da hidima kafin ka je da bukata. Babban mutum ya gaji da masu miƙa hannu, amma bai taɓa gajiya da wanda za a aika ya komo da canji cikakke ba. Ƙaramar amana ita ce ƙofar babba.

Na uku, in wanda kake ganin girmansa ya tsananta maka, ko ya ajiye ka a ƙasa da inda kake tsammani, kada ka yi saurin juya baya. Ka duba ko horo ne. Amma wanda ya umurce ka da algus ko tauye mudu, wannan ba uban gida ba ne, ka rabu da shi tun da wuri.

Na huɗu kuma gare ku ne, malamai da attajirai. Ku dubi na bayanku. A cikin almajiran da ke zaure da yaran da ke ɗaukar buhu akwai wanda ba ya bukatar kome sai a lura da shi, a gwada shi da kaɗan, a gaya masa gaskiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhasan, Ya jiƙan Tata da ta rene shi, da iyayensa, da malamansa na Bebeji da na Ankara. Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da iyayen gida na gari, Ya ba su haƙurin zama da su. Amin. Wassalam.